Rasuwar Kankana, Mai Rabon Lokaci a Gidan Mai Mita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska kuma mai cike da kunya, dattijon nan da unguwa ta sani da Mai Mita yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin abokan aiki rasuwar abar ƙaunarsa, Kankana, wadda ta cika ranar Talata da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a kusurwar dama ta saman allon kwamfutar gidansa, bayan jinyar kwana huɗu. Ta bar duniya tana da shekara huɗu da wata biyu. Mai Mita yana gabanta lokacin da rai ya yi halinsa, hannunsa na dama a kan linzamin kwamfuta, na hagu riƙe da kofin shayin da ya riga ya huce.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba, marigayiya da'ira ce 'yar ƙarama, faɗinta bai wuce gindin kofi ba, wadda ke zaune a fuskar kwamfuta, tagogi su buɗe su rufe tana nan inda take. Aikinta guda ne: ta nuna yadda mutum uku suke raba zaman kwamfutar a kowane mako. An yanka ta gida uku, kowa da launinsa da sunansa. Kore na Mai Mita ne. Ja na matarsa ne, Maman Yara. Rawaya kuma na ƙanwarsa ne, wadda kowa ke kira Gwaggo, malamar kwamfuta a wata sakandare, mai zuwa gaishe su ranar Asabar. Da yake jan ne ya cika mata ciki, koren kuma ya tsaya siriri a gefe kamar ɓawo, Gwaggo na ganinta ta ce, "Yaya, ai kankana ka shuka a allo." Sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Tarihin marigayiya ba zai cika ba sai an faɗi halin da ta tarar da gidan. Mai Mita ya yi shekara talatin da uku yana karanta mitar ruwa, gida gida, da ɗan littafinsa da fitilar hannu da gilashin ƙara girman rubutu. Da aka yi masa liyafar ajiye aiki ya dawo gida, sai ya rasa abin karantawa. Ya karanta lambobin jikin gwangwanin madara. Ya ƙirga matakalar bene, ya tarar ba ta ƙaru ba. Wata bakwai mutumin nan yana zaune a bakin taga, ba ya faɗa, ba ya dariya, abinci ma sai an tuna masa. Gwaggo ce ta ga abin ya isa, ta ɗauko wata tsohuwar kwamfuta ta kafa masa a ƙaramin ɗakin da yara suka bari, ta buɗe wa kowa shafinsa, ta sa mata wata manhaja mara nauyi mai tsara tagogi. Irin manhajar nan ce marowaciya, wadda ba ta ba ka komai a banza. In agogo kake so a allo, sai ka buɗe fayil ɗin saiti ka rubuta mata da hannunka inda za ta ajiye shi, da girmansa, da launinsa.

Ana nan wata rana Mai Mita ya gano cewa kwamfutar tana ƙirga mintocin da kowa ya yi a kanta, tana adanawa a wani lungu, ba wanda ya taɓa zuwa ya karanta. Mita ce guda a cikin gidansa, an bar ta kara zube! Ya miƙe tsaye ya sake zama. Daga ranar ya shiga neman yadda zai fito da lambobin nan fili a cikin da'ira, kowa ya gani.

Naƙudar ta yi kwana goma sha ɗaya. Fitowar farko, marigayiya ta zo a siffar ƙwai. Ya gyara layi biyu, ta kumbura ta cinye allon gaba ɗaya, sai da aka kashe kwamfutar daga bango. Ya rage ta, ta koma kamar ƙwayar magani, sai da gilashinsa na aiki ya iya samo ta. Rana ta shida ta ɓuya a bayan tagogi ta ƙi fitowa. Rana ta takwas ta fito baƙa ƙirin. Rana ta tara ya yi rantsuwa ya bar ta har abada, ya je ya wanke fuska ya dawo. A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, ya adana fayil ɗin ya sake kunnawa, sai ga ta zagaye sumul a kusurwarta, da launi uku, da suna uku, ta ce, "Ƙilin!" Mai Mita ya saki wata dariya da ta sa maƙwabciya leƙowa ta katanga. Ya fita tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya, ya kamo hannun Maman Yara daga wurin shanya, da kumfar sabulu da komai, ya kawo ta gaban allo yana cewa, "Dubi! Dubi! Ni na yi ta!"

Abu ɗaya ya ƙara mata daga baya. Da farko akwai lambobi a jikin kowane yanka, amma ya ga sun ɓata mata kwalliya, ya goge layin. Mutumin da ya ci abinci da lambobi shekara talatin da uku, shi ne ya cire su saboda kyau. Ya kuma kafa doka cewa ba mai buɗe fayil ɗin saitin nan sai shi, ko da kuwa malamar kwamfuta ce.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da kyawawan halaye. Ba ta taɓa makara ba. Kowace awa, a kan daidai, za ta ɗan girgiza ta gyara yankanta ta ce, "Ƙilin!" Tana da haƙuri: a ɗora mata taga goma a ka, ba za ta ce uffan ba, a ɗauke a tarar da ita tana murmushi. Ba ta da ci, ba ta sa kwamfuta zafi, ba ta taɓa aika wa kowa talla ba. Baƙo bai taɓa shiga gidan ya fita ba a kai shi ya gaishe ta ba. Mai gyaran famfo ya gaishe ta. Surukin Mai Mita ya gaishe ta har sau uku, kowane zuwa ana yi masa bayani daga farko. Shi kuwa Mai Mita, da safe in Maman Yara ta tafi aiki, sai ya ja kujera ya zauna, ya ɗan matsa marigayiya hagu, ya ga bai yi ba ya mayar da ita dama, ya ƙara mata inuwa, ya rage mata inuwa. Daga nan ya duba yanayin garuruwan da ba zai taɓa zuwa ba, ya kalli wasu mutane suna kwance injin ban ruwa, ya buga karta da kwamfuta ta cinye shi, ya nemi fansa. A wurinsa duk wannan ba zama ba ne, kulawa ce da marigayiya.

Aibinta ɗaya, in aibi ne: ba ta san sassauci ba. Abin da ta gani shi take nunawa, kuma abin da take nunawa kullum shi ne Maman Yara ta cinye aƙalla kashi biyu cikin uku na lokacin kwamfuta.

A nan dole a yi bayanin Maman Yara, domin ita ce wadda rayuwar marigayiya ta fi shafa. Shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani ƙaramin asibiti. Ita ce mai wanke kwalabe, mai manna suna a jikin jini, mai jera gilasai. Ta san aikin ciki da bai, har sababbin ma'aikata kan kira ta a ɓoye ta leƙa musu madubin gwaji ta gaya musu abin da suke gani. Amma ba ta da takardar da za ta ba ta damar zama a kujerar madubin da sunanta. Takardar kuwa sai an ci jarrabawa, jarrabawar kuma sau uku kacal ake yarda mutum ya zauna. Darussan suna cikin kwamfuta, da hotunan ƙwayoyin jini waɗanda a waya ba ka bambance su da ƙura. Don haka in ta dawo ƙarfe huɗu, ta ɗora tukunya, sai ta zauna awa uku tana karatu.

Mai Mita ya dubi jan, ya dubi matarsa, ya gyara murya. "Maman Yara, ba don ni ba, don adalci. Kwamfutar nan tsohuwa ce, tana buƙatar hutu. Idanunki ma suna buƙata. Awa biyu ta ishe ki."

Ta rage zuwa awa biyu. Awar da ta bari kuwa, Mai Mita ya zauna a cikinta don ya ga ko dokar ta yi aiki. Ƙarshen mako marigayiya ta ce, "Ƙilin!" Ja ya ƙaru.

Ya riƙe baki. Ya mayar da ita awa ɗaya, ya zauna a cikin ɗayar yana sa ido. Ja ya sake ƙaruwa. Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, rawayar Gwaggo ce ke ta ramewa, har ya tare ta wata Asabar ya yaba mata, ya ce ita kaɗai ce mai jin magana a gidan nan. Gwaggo, wadda saƙo kawai take dubawa ta tashi, ta ce, "To, na gode, Yaya," ta ci gaba da shan shayinta, ba ta san an kafa wa kowa doka ba.

Sau ɗaya Maman Yara ta ɗaga ƙara. Ta ce, "Malam, ni fa tun safe ina wurin aiki. Wa ke zaune a nan?"

Ya ce, "Ni dubawa kawai nake yi, dubawa ba zama ba ce. Shekara talatin da uku ina wannan aikin, ban taɓa shiga gidan da suka yarda sun sha ruwa ba. Kowa cewa yake famfonsa a rufe yake. Mita ba ta ƙarya, Maman Yara."

A shekara ta biyu babbar 'yarsu ta haihu, Maman Yara ta tafi wurinta ta yi mako uku. Cikin mako na farko ja ya haɗiye da'irar kusan duka, rawaya ta ɓace ɓat. Da wani mutum ne, da ya tsaya ya yi tunani a nan. Mai Mita ɗaukar waya ya yi ya kira ta, bayan ya tambayi lafiyar jariri ya ce, "Kin tafi kin bar shafinki a buɗe ko? Kina can kina cin lokaci a nan." Sannan ta ce, "To, Malam. A yi haƙuri." Da ta dawo, doka ta koma rabin awa.

Ta zauna jarrabawa ta farko, maki tara suka hana ta. Ta zauna ta biyu, maki huɗu. Ranar da ta kawo takardar sakamakon ta biyu, Mai Mita ya karanta, ya ji tausayinta har cikin ransa, domin yana son matar nan fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa. Amma da ya ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan marigayiya, bakin kuma ya riga shi. Ya ce, "To duk jan nan, ina ya tafi?" Maman Yara ta dube shi, ta dubi da'irar, ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun jakarta, ta fita kwashe shanya. Duk cikin maganganun da ya yi a rayuwarsa, wannan ce yau yake fatan da ƙasa ta haɗiye shi kafin ya faɗe ta.

Ciwon ajalin marigayiya ya samo asali ne daga jarrabawa ta uku, ta ƙarshe, wadda saura mako biyar. Shafin tambayoyin gwaji ya ƙi buɗewa, ya ce sai an sabunta kwamfutar. Shekara uku ke nan wani ɗan akwati yana fitowa yana roƙon a sabunta, Mai Mita yana danna masa "sai an jima", don Gwaggo ta taɓa cewa sabuwar manhajar tagogi ba lalle ta san tsofaffin kayan ado ba. Maman Yara ta ce ba komai, za ta karanta a waya. Washegari da yamma ya leƙa kicin ya gan ta zaune a kan ƙaramar kujera, waya a gaban hancinta, gilashinsa na karanta mita a hannunta, tana neman ƙwayar jini ido na hawaye. Ya koma ɗaki ya yi ta kai da kawo. Ranar Asabar da safe ya zauna, ya nemi gafarar marigayiya a hankali yadda ba wanda zai ji, ya rufe ido ya danna. A rubuta masa wannan, domin shi ya danna da hannunsa, ba wanda ya tilasta shi.

Kwamfuta ta yi ta niƙa kusan awa biyu. Da ta farfaɗo, shafin Maman Yara ya buɗe garau, amma marigayiya ta tashi ba suna ko ɗaya a jikinta. Ranar Lahadi launinta ya kwashe, ta koma toka-toka. Ranar Litinin ta bar kusurwarta ta dawo tsakiyar allo tana ƙyaftawa, tana kira ba a kan lokaci ba, "Ƙilin! Ƙilin! Ƙilin!" har sau uku a jere, abin da ba ta taɓa yi ba tana da lafiya. An yi iya ƙoƙari. An kashe an kunna sau goma sha huɗu. An hure ƙurar fanka. An canja linzami, ko da yake ba shi da laifi. An matsa da tebur kusa da taga ta sha iska. Ranar Talata da ƙarfe goma da minti ashirin, ta lallaɓa ta koma kusurwarta, ta buɗe baki za ta yi kiranta, ta ce, "Ƙi…" ba ta ƙarasa ba. Wani baƙin akwati ya maye gurbinta da rubutu layi ɗaya, sannan shi ma ya tafi.

Gwaggo ba ta zo waccan Asabar ba, tana can tana duba takardun ɗalibai. Kiran gaggawa aka yi mata, ta iso ƙarfe uku da jakarta a kafaɗa, ta tarar da yayanta ya yi tagumi. A karo na farko cikin shekara huɗu ya tashi ya ba ta kujera, ya ce ta buɗe fayil ɗin saiti, ko Allah zai sa a dace.

Ta karanta layi goma, ta gyaɗa kai. Ta karanta ashirin, ta ce, "Kai, Yaya, ka yi ƙoƙari fa." Da ta zo layi na talatin da ɗaya sai ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Yaya, wa ya ce ka jera sunayen nan haka?"

"Haka kamar yaya? Ni maigida, sai matata, sai ke. Ko so kike in sa ki gaba da yayanki?"

Gwaggo ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta riƙe ciki. Da ƙyar ta samu numfashi ta ce, "Wayyo Allah, Yaya! Ai kwamfuta ba ta san girma ba. Wanda aka fara buɗe wa shafi, lambarsa take fara kawowa. Ni na fara buɗe nawa don in gwada, sai naka, sai na matarka. Ita ta kawo a jerenta, kai ka manna suna a jerenka."

Mai Mita ya ɗaga yatsa uku yana bi ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ɗan koren nan siriri da yake nuna wa baƙi da alfahari, na Gwaggo ne. Rawayar da ke ramewa shekara bayan shekara, wadda ya yaba wa Gwaggo a kai, ta Maman Yara ce. Ya tsaya a yatsan tsakiya ya daɗe.

"To jan fa?" ya tambaya da wata 'yar murya, ko da yake ya sani.

"Naka ne, Yaya. Duk naka ne. Har da 'ya'yan kankanar."

A matsayinsa na ma'aikaci, ya ce a nuna masa lambobin da kansu. Gwaggo ta fito da su tana share hawaye. Shi awa dubu tara da ɗari ɗaya da goma sha shida. Maman Yara dubu ɗaya da arba'in. Ya karanta sau biyu, kamar yadda ya saba yi in mai gida ya yi gardama, bai sami inda zai kama ba.

Ƙarfe huɗu da kwata aka ji buɗe ƙofa. Maman Yara ta shigo da jakarta, ta ga Gwaggo a ƙasa, ta ga mijinta tsaye ya haɗa hannu a gaba kamar wanda aka kira ofishin shugaba. Shi ya fara magana.

"Maman Yara, jan nan… ashe…"

"Naka ne," ta ce, tana cire takalmi. "Na sani."

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ina goyon jikanka a wani gari ka kira ni ka ce ina cin lokaci a nan."

Gwaggo ta sake kifewa. Mai Mita ya ce, "To me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa sau ɗaya, aka ce mini mita ba ta ƙarya." Ta ajiye jakar ta dube shi sosai. "Kuma ka manta yadda kake kafin ta zo, ni ban manta ba. Wata bakwai ina zuba maka abinci ina kwashewa. Ranar da abin nan ya ce ƙilin ka fito da takalmi ɗaya kana dariya, na ce a raina ko me wannan da'irar ta ce na yi, na yi. Awa ɗaya na ba ka da zuciya ɗaya, Malam. Ta biyun ma na ba ka. Amma rabin awar nan, da maganar da ka yi mini ranar sakamako, waɗannan ban yafe ba tukuna. Ina dai dubawa."

Mai Mita ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suna rawa, matan biyu suka kasa gane ko kuka yake ko dariya, shi ma da aka tambaye shi daga baya ya ce bai sani ba. Ya dai ɗago ya ce, "Shekara huɗu ina kama ɓarawon ruwa, ashe famfon a ɗakina yake." Nan Maman Yara ma ta kasa daurewa, ta dafa bango tana dariya har ɗankwalinta ya zame.

Iyali suna so jama'a su sani cewa ba su riƙe marigayiya da komai ba. Ba ta taɓa ƙara minti ɗaya ba, ba ta taɓa ragewa ba. Abin da aka ba ta ta nuna, sunan da aka manna mata ta ɗauka. In akwai wanda ya yi wa wani ƙarya a gidan nan, yana nan da ransa, shi ne ma ya sa hannu a wannan sanarwa.

Marigayiya ta rasu ta bar fayil ɗin saiti guda mai layi sittin da uku, da 'yan uwansa goma sha ɗaya, cikinsu akwai "na ƙarshe", da "na ƙarshe sosai", da "wannan ne na ƙarshe kar a taɓa". Ta bar maƙwabcinta agogo, wanda ya tsallake sabuntawar ba ko ƙwarzane, yana ta harkarsa kamar ba a yi mutuwa ba. Ta bar linzami biyu, tsoho da sabo. Ta bar wasan karta dubu huɗu da wani abu, waɗanda aka ci Mai Mita a mafi yawansu. Ta kuma bar kujera mai katifa, wadda ta lotsa daidai da mazaunin mutum ɗaya tak a gidan, har Maman Yara sai ta ɗora matashi kafin ta iya zama. Wannan shaida tana nan a fili shekara huɗu, ba wanda ya kira ta.

Gwaggo ta ce minti ashirin sun ishe ta ta tashi marigayiya a sabuwar manhajar, da sunaye a daidai. Mai Mita ya dubi kusurwar da babu kowa, kowa ya ga yana so. Sannan ya ce a'a, a bar ta ta huta. Ya san kansa: in ta dawo zai ce bari ya ɗan gyara mata inuwa, daga nan kuma sai yamma.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe. Ba za a jefa ta kwandon shara ba. Gwaggo ce za ta ja fayil ɗin da linzami, a hankali, ta kwantar da shi a cikin jakar "Tsofaffin Kaya" tare da 'yan uwansa goma sha ɗaya, Mai Mita kuma zai danna "to" da hannunsa. Ba a buƙatar jawabi. Surukin da aka yi wa bayani sau uku an yafe masa zuwa.

Za a karɓi gaisuwa a baranda, kullum daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, har tsawon mako biyar. Wanda ya zo bayan ƙarfe huɗu kada ya danna ƙararrawa, kada ya ɗaga murya, kada kuma ya nemi a kai shi ya ga inda marigayiya ta zauna, domin ɗakin yana da mai shi. Mai neman Mai Mita a wannan lokaci ya zagaya ta kicin, zai same shi yana koyon yanka albasa, ko yana kwashe shanya, ko yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da tire, yana jiran a ce ya shigo. An sayo sabuwar katifar kujera. An cire wasan karta.

Wanda ya wuce ta gefen taga zai hangi wata 'yar da'ira ta takarda manne a kusurwar dama ta saman allo. Mai Mita ne ya kifa kofin shayi ya zana ta, ya yanke da almakashi, ya cike ta da jan biro gaba ɗaya, bai bar wa kore ko layi ba, ya rubuta "Maman Yara" a tsakiya. Ba ta girgiza, ba ta cewa ƙilin. Ya ce a shaida wa jama'a shi ya je da ƙafarsa ya duba, kuma wannan karon karatun daidai ne.